Yadda Ake Saye da Sayar da Gida da Ba da Haya a Sakkwato

Duk wanda ya jima yana hulɗa da masu cinikin gidaje a Sakkwato ya san cewa rigimar da ke kai mutane gaban alƙali takan samo asali ne daga tambayoyin da aka ji nauyin yi tun farko. Mai saye yakan ga dattijo ne ke sayarwa, ko maƙwabci, ko wanda suke sahu ɗaya a masallaci, sai ya kasa buɗe baki ya ce a nuna masa takarda, ko a kira sauran magada, ko a rubuta abin da aka tsayar. Kunya ɗabi'a ce mai kyau, amma a cinikin gida tana da tsada, domin abin da mutum ya yi shekaru yana tarawa ne yake fita daga hannunsa a wuni ɗaya. Ga yadda ake bin harkar daki-daki, tun daga ranar da aka fara neman gida har ranar da aka karɓi mabuɗi.

Da farko, me mutum yake saye?

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amanar jama'a. Saboda haka wanda ya sayi gida ya mallaki ginin, amma a kan ƙasar haƙƙin zama da amfani yake da shi, wanda galibi ake rubuta wa shekara 99 a cikin takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O. A cikin birni gwamna ne ke ba da wannan haƙƙi, a karkara kuma ƙaramar hukuma tana da ikon ba da nata irin. Wannan bambanci yana da muhimmanci a Sakkwato, domin garin ya daɗe da tsallake iyakar Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ya shiga ƙasar Wamakko ta wajen Arkilla da Kalambaina, ya shiga Dange Shuni ta wajen Kwannawa. Wurin da jiya gona ne mai takardar ƙaramar hukuma, yau yana iya kasancewa cikin taswirar birni, inda maganar gwamnatin jiha ce ke aiki. Haka kuma doka ta ba gwamnati ikon karɓe fili domin aikin jama'a, kamar hanya ko makaranta, kuma diyyar da ake biya ta gini ce da abin da aka raya a wurin.

Takardun da mai saye zai ci karo da su ba su wuce iri uku ba. Akwai C of O, wadda ita ce mafi ƙarfi. Akwai takardar ba da fili daga gwamnati, wadda mai ita bai kammala bin matakan samun shaidar mallaka ba. Sai kuma takardar ciniki ta hannu, mai ɗauke da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko hakimi, wadda ita aka fi samu a tsofaffin unguwannin cikin gari, inda gida yakan bi zuri'a ɗaya tun kaka da kakanni. Rashin C of O ba ya nufin gidan na sata ne, amma yana nufin binciken zai ƙaru, kuma ya kamata a ga alamar hakan a farashi.

Mataki na farko: a je a ga gidan da ido, fiye da sau ɗaya

Ba a cinikin biri a sama. Hoton da dillali ya turo ta WhatsApp ba ya nuna warin kwata, ba ya nuna tsagewar da aka shafe da sabon fenti. Idan da hali, a ga gida da damina, musamman a watan Agusta, domin a lokacin ne ƙasa take faɗin gaskiya. Mazauna wasu sassan Mabera sun san abin da ruwan sama yake yi wa lungun da ba shi da magudana, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba sa wasa da maganar fili a bakin fadamar Rima. Wanda dole ta sa shi saye da rani, sai ya duba gindin katanga daga waje da ciki. Ruwan da ya taɓa kwanciya yakan bar zane, siminti yakan yi fari-fari yana ɓarɓashi, ƙasan ƙofar ƙarfe kuma yakan yi tsatsa fiye da samanta. A lura ko daɓen tsakar gida ya fi titi tudu, domin gidan da titi ya fi shi tsawo shi ne matattarar ruwan lungu.

Bayan ruwan sama sai ruwan sha. A tambaya ko famfo yana zuwa, sau nawa a mako, ko kuwa da 'yan garuwa ake rayuwa, domin wannan kuɗi ne da za a riƙa kashewa kullum har abada. Sannan a yi tunanin bazara. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, tsawon rufi, da ingancin silin, da tagogin da ke fuskantar juna, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida, duk suna cikin darajar gida, ko da dillali bai ambace su ba. A shiga ɗakunan da tsakar rana, a tsaya na ɗan lokaci, jiki zai ba da amsa.

Ya dace a ɗauki magini ko injiniya wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, a biya shi ladansa. Shi ne zai gane ko bulo ne ko ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti, ya hau ya duba katakon rufi ko gara ta ci, ya buɗe ramin masai ya ga ko ya kusa cika ko yana dab da rijiya. A nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, ko a duba lambar mita a ofishin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Sakkwato ke ƙarƙashinsa, domin a aikace tsohon bashi yakan zama ciwon kan wanda ya tare a gidan.

Dillali da la'adarsa

Da wuya a yi cinikin gida ba dillali, kuma dillalin kirki yana rage wahala ƙwarai. Abin kiyayewa shi ne a san wa yake wakilta, a kuma tsayar da la'ada kafin a fara yawo. Babu adadin da ya zama dole a kan kowa. An fi jin kashi 5 cikin 100 a saye da sayarwa, da kashi 10 a haya, amma ana daidaitawa, kuma dole a fayyace ko mai saye ne zai biya, ko mai sayarwa, ko za a raba. Sau da yawa gida ɗaya yakan kasance a hannun dillalai huɗu ko biyar, kowa ya ɗora nasa a kan farashin mai gida, shi ya sa mai saye zai dage sai an haɗa shi da mai gidan ido da ido. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan haɗuwa, akwai abin da yake ɓoyewa.

Akwai kuma maganar da kusan kowane mai neman gida zai ji: "Alhaji, wani ya taya tun jiya, in ba ka kawo kuɗɗi yau ba, gobe ba ka ishe shi." Wani lokaci gaskiya ce. To amma gidan da ba zai jira kwanakin bincike ba, gara ya wuce.

Mataki na biyu: binciken unguwa da binciken ofis

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, kuma bincike biyu ne, ɗaya ba ya wadatarwa ba tare da ɗayan ba. Ofis ya san abin da aka rubuta, unguwa kuma ta san abin da ba a rubuta ba.

A unguwa, mai saye zai koma shi kaɗai, ba tare da dillali ba, ya gaida dattijon da ya fi daɗewa a lungun, ya tambaye shi cikin ladabi: "Baba, gidan ga na wane ne tun asali, kuma ta yaya ya zo hannun mai shi na yanzu?" Zai tambayi maƙwabtan dama da hagu ko akwai jayayya a kan katanga, ko indararo, ko hanyar ruwa. Daga nan sai wurin mai unguwa, in ta kama har wurin hakimi, domin su ne ake fara kai wa ƙara kafin magana ta je kotu, kuma sukan san gidan da aka taɓa sayarwa sau biyu. Idan aka ga an rubuta a bango cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, ko an shafe irin wannan rubutu da fenti, to alama ce ta cewa akwai mai jayayya.

A ofis kuma, za a ɗauki kwafin takardar a je Ma'aikatar Filaye da Gidaje ta jiha, da hukumar taswirar filaye ta SOGIS, a nemi a binciki fayil ɗin a hukumance, a biya kuɗin binciken a karɓi rasit. Abin da ake son sani shi ne ko lambar takardar ta dace da wannan fili, ko sunan da ke cikin fayil shi ne na mai sayarwa, ko an jinginar da gidan a banki, ko an soke takardar, ko akwai bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Ya fi kyau lauya ya yi wannan aiki ya kawo sakamakonsa a rubuce. A guji wanda zai tare mutum a bakin ƙofar ma'aikata ya ce zai duba masa ta bayan fage, domin abin da ya faɗa da baki ba hujja ba ne ranar da magana ta tashi. Sannan a kira safiyo ya auna, ya nemo duwatsun iyaka. Fulotin da aka ce ƙafa 50 ne da 100 yakan koma 45 idan maƙwabci ya ci iyaka, wani lokaci kuma sai a tarar mai gidan ne ya shiga hanya da shagon da ya fitar. Hukumar tsara birane ta jiha ita ce za ta tabbatar ko ginin yana da izini, ko yana kan hanyar da aka tsara, ko magudanar ruwa, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki.

Gidan gado

Gidan gado yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa cikin rigima ba da niyya ba. Babban ɗa yakan riƙe takardun mahaifi, yana zaune a gidan, unguwa duka tana kiran gidan da sunansa, amma wannan bai ba shi ikon sayar da rabon ƙannensa ba. Tambayar farko ita ce ko an raba gadon. Idan an raba a kotun shari'a, a nemi takardar rabon, a ga cewa gidan ya faɗo a rabon mai sayarwa. Idan ba a raba ba, to sai dukkan magada sun yarda, kuma a nan ake yawan mantawa da mata: 'ya'ya mata da ke aure a Gusau ko Birnin Kebbi, da matar mamaci mai tumuninta, da mahaifiyarsa idan tana raye. Kowace sai an ji ta bakinta, ko ta wakilta wani a rubuce gaban shaidu. Kalmar "ai sun bar mini" ba ta isa ba. Idan akwai marayu da ba su balaga ba, a bi ta hannun alƙali, domin yaron da yake da shekara 8 a yau zai girma ya tambayi inda rabonsa ya tafi. A kuma tabbatar an biya bashin mamaci an fitar da wasiyyarsa, tun da waɗannan suna gaba da rabo.

Akwai kuma haƙƙin shufa'a, wanda mutane da yawa ba sa tunawa da shi sai ya taso. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran abokan tarayyar suna da ikon mayar wa mai sayen kuɗinsa su karɓe kason. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda yake nesa yana nan a kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Don haka mai sayen sashe a cikin gidan gado ya nemi sauran su rubuta cewa an yi musu tayi sun haƙura. Gidan da aka yi waƙafi da shi kuwa ba na sayarwa ba ne, kuma idan aka ji ƙishin-ƙishin haka a unguwa, a tuntuɓi Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha kafin a ci gaba.

Mataki na uku: tayi, sallamawa, da rubutu

Idan bincike ya yi kyau, sai a zauna ciniki. Mai saye ya taya, mai gida ya ce albarka, a yi ta matsawa har a kai inda zai ce ya sallama. Kafin a taya, yana da kyau a san nawa aka sayar da gidaje biyu ko uku makamantansa a wannan unguwa cikin 'yan watannin nan, domin kuɗin da ake nema daban, kuɗin da ake biya daban. Idan an san wani yana tsakiyar ciniki har sun kusa daidaitawa, addini ya hana a shiga a kansa.

Kafin alƙalami yana jawo saɓani fiye da yadda ake zato. A rubuta nawa aka bayar, da ranar da za a cika saura, da abin da zai faru idan ciniki ya warware. Malaman Malikiyya ba su yarda da sharaɗin cewa mai sayarwa zai cinye kuɗin idan mai saye ya fasa ba. Abin da suka yarda da shi shi ne a lissafa shi cikin farashi idan ciniki ya tabbata, a mayar da shi idan bai tabbata ba. Wanda ya fayyace wannan tun ranar farko ya huta.

Takardar ciniki, wadda ya kamata lauya ya tsara, za ta ƙunshi cikakken sunan mai saye da mai sayarwa da adireshinsu, da siffar gidan da iyakokinsa ta gabas da yamma da kudu da arewa, da lambar takardar mallaka, da farashi a lambobi da kalmomi, da yadda mai sayarwa ya samu gidan, da ranar miƙa mabuɗi, da alkawarin cewa zai mayar da kuɗi idan wani ya fito da hujjar da ta fi tasa. A lissafa abin da ke cikin cinikin, kamar tankin ruwa, da injin rijiyar burtsatse, da faifan sola, da fankoki, domin an sha ganin mai saye ya zo tarewa ya tarar an kwance har kwan fitila. Shaidu su kasance daga ɓangarorin biyu, mutane masu mutunci da aka san inda suke, kuma ya fi kyau a haɗa da masu ƙuruciya, tun da takardar gida takan fi shaidunta tsawon rai. Idan ɗaya daga cikin masu cinikin ba ya karatun boko, dole a karanta masa a fassara masa da Hausa, a rubuta a jikin takardar cewa an yi hakan da sunan wanda ya fassara, kafin ya dangwala yatsa.

Biya kuwa ta banki za a yi shi, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, ba na dillali ko na ɗan'uwansa ba, a rubuta dalilin turawar. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma fiye da miliyan 10. Ko ba don doka ba, shaidar banki ba ta mantuwa. A ranar da aka cika kuɗi, a ranar za a karɓi takardun asali gaba ɗaya, har da tsofaffin takardun cinikin waɗanda suka riƙe gidan a baya.

Mataki na huɗu: mayar da gida sunan mai shi

A nan ne da yawa suke tsayawa, su jefa takardu cikin akwati su ce an gama. Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce wanda ke riƙe da haƙƙin da gwamna ya bayar ba zai miƙa shi ga wani ba sai da amincewar gwamna. Saboda haka bayan ciniki za a shigar da takardar miƙa mallaka a ma'aikatar filaye, a nemi wannan amincewa, a biya kuɗin hatimi da na rajista, a shigar da sunan sabon mai gida cikin fayil. Aikin yana cin lokaci da kuɗi, don haka a ware masa kasonsa tun ana lissafin sayen. Dalilin yinsa shi ne, muddin sunan tsohon mai gida ne a fayil, yana iya cewa takardarsa ta ɓace ya nemi wata, ya sake sayarwa ko ya karɓi bashi da ita, idan ya rasu kuma magadansa su lissafa gidan cikin dukiyarsa. Wanda ya sayi gida mai takardar hannu kawai, shi ma ya fara neman C of O da sunansa ba tare da jinkiri ba.

Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rancen gida ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, mai kuɗin ruwa kashi 6 da wa'adin da kan kai shekara 30. Wanda yake gudun ruwa yana iya tuntuɓar bankunan da ba sa hulɗa da shi, irin su Jaiz da TAJ, ya ji tsarinsu. Kowanne aka nufa, takarda mai rajista za a fara tambaya.

Ga mai sayarwa

Aikinsa bai kai na mai saye yawa ba. Ya haɗa takardunsa, ya biya bashin wuta da na ƙasa, ya ba dillali ɗaya ko biyu kawai, ya faɗa musu farashi ɗaya. Kwafi zai riƙa bayarwa, takardar asali ba ta barin hannunsa sai kuɗi sun shiga, kuma ya tabbatar da shigarsu daga bankinsa, kada ya dogara da saƙon waya. Wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani, ko yoyon rufi ne ko jayayyar iyaka, domin shari'a ta ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Idan akwai 'yan haya a ciki, ya sanar da su ya kuma sanar da mai saye, tun da sayar da gida ba ya soke hayar da aka riga aka biya.

Haya

Buƙatar gidan haya a Sakkwato ba ta yankewa, saboda ɗalibai da malaman jami'o'i, da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da ma'aikatan asibitin koyarwa, da waɗanda ake yi wa canjin wurin aiki, da kuma iyalan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan gabashin jihar. Mai gida zai fara da sanin wanda zai ba wa: sana'arsa, da yawan iyalinsa, da inda ya baro, da wanda zai tsaya masa. Tambayar tsohon mai gidansa ta fi duk wani rantse-rantse amfani. Ɗan haya kuma ya tabbatar wanda zai karɓi kuɗinsa shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya, kuma kada ya biya sai ya shiga ya gani, domin akwai masu karɓar kuɗin mutum uku a kan ciki da falo ɗaya.

Yarjejeniyar haya ba sai ta yi tsawo ba, shafi ɗaya ko biyu ya isa, kuma ana iya rubuta ta da Hausa. Za ta faɗi kuɗin haya da ranar farawa da ranar ƙarewa, da tsawon notis ɗin da kowane ɓangare zai bayar, da lokacin da za a sanar da ƙarin kuɗi, da ko an yarda ɗan haya ya saka wani ko ya mayar da zaure shago. Batun gyara shi ne ya fi haddasa ɓacin rai. Abin da aka saba shi ne manyan gyare-gyare, kamar rufi da katanga da rushewar masai, na mai gida ne, ƙananan da amfani ke jawowa, kamar kan famfo da makulli, na ɗan haya ne. Idan ɗan haya zai yi babban aiki da kuɗinsa don a cire masa a haya, ya sami yardar mai gida a rubuce kafin ya sayi ko buhun siminti ɗaya. A gidan da ake zama da yawa, a tsayar da yadda za a raba kuɗin wuta da na kwashe masai da shara. Ranar shiga a zaga tare a ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mita. Kowane biya kuma a ba da rasit, wanda yanzu ma yana da ƙarin amfani ga ma'aikaci, domin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba da damar cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin shigar da ake ɗora wa haraji, ga wanda ya nuna shaidar biya. Hayar da za ta wuce shekara 3 kuwa, a kai ta wurin lauya a yi mata rajista.

Akwai wata al'ada da ake kira jingina, inda mutum zai ba mai gida dunƙulallen kuɗi ya zauna a gidan kyauta har ranar da za a mayar masa da kuɗinsa cif. Malamai da yawa suna ganin wannan bashi ne da ya jawo amfani, don haka a tambayi masana kafin a shiga.

Idan zama ya ƙi daɗi, doka ba ta yarda mai gida ya cire ƙofa, ko ya kwance rufi, ko ya yanke wuta da ruwa, ko ya watsar da kayan ɗan haya waje ba, ko da kuwa ana binsa bashin shekara. Wanda ya yi haka yana iya komawa shi ne wanda ake ƙara. Hanyar ita ce a ba da notis a rubuce gwargwadon abin da aka yi yarjejeniya a kansa. Idan ba a rubuta komai ba, ƙa'idar da aka saba bi a dokokin haya na Najeriya ita ce wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata 3 ga mai biyan wata uku-uku, da wata 6 ga mai biyan shekara. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi wani notis na kwana 7 cewa za a garzaya kotu, sannan a shigar da ƙara, kuma ma'aikatan kotu ne kaɗai ke da ikon fitar da shi. A ajiye kwafin kowane notis, a miƙa shi gaban shaida, a rubuta ranar da aka miƙa, domin kuskure a lissafin kwanaki yakan sa alƙali ya kori ƙarar a koma farko. Kafin a kai ga haka, yawanci zama ɗaya a zauren mai unguwa, tare da wanda ya tsaya wa ɗan hayar, yakan samar da ranar tashi da tsarin biyan bashi, sai a rubuta abin da aka amince da shi kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.